Filtar Baƙin Mai: Shiga Daban, Dacewa Daban

Barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa kan ababen hawa. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Jiddari Polo da maƙwabtansu, da dukkan direbobi da kanikawan birnin Yerwa. Wanda ke gareji hannu dumu-dumu da mai, sannu da aiki. Wanda ke kan hanya, Allah ya kai ka lafiya. Ka ba mu kunne, ido kuma ya tsaya a kan titi.

Yau maganar mota mai buɗaɗɗen baya za mu yi, wadda ke shan gas, wato man dizal. Ko Hilux ce, ko Land Cruiser ta ɗaukar kaya, ko L200, ko D-Max, duk maganar ta shafe su. A jikin motar ma abu ɗaya za mu ɗauka. Ƙaramin abu ne, hannu ɗaya ke riƙe shi. Filtar baƙin mai. Kanikawa kan ce oyil filta.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun yanzu. Shiga daban, dacewa daban. Filta tana iya shiga mazauninta, ta ɗauru tsaf, alhali ba ta wannan injin ba ce. Za ku ji ina maimaitawa, kada ku gaji da ni.

Za mu fara da aikin da take yi. Daga nan mu yanka ta mu ga cikinta. Sai mu tafi shago tare. A ƙarshe mu koma gareji a ɗaura ta a gabanmu.

To, bismillah. Kashi na farko, mene ne aikin filta?

Baƙin mai a kwanon ƙasan inji yake kwanciya. Da ka tayar da mota, famfon mai zai zuƙo shi, ya tura shi da ƙarfi. Kafin ya kai ga karanshaf da metal, wato ɓawon ƙarfen nan mai santsi da karanshaf ke juyawa a cikinsa, sai ya bi ta filta. Kafin ya hau saman inji, ko ya shiga turbo, sai ya bi ta filta. Ya zagaya, ya gangaro kwano, a sake zuƙo shi, ya sake bi ta filta. Haka zai yi ta yi muddin inji na aiki.

Uwargida, ke kin fi mu gane wannan. In za ki tace kamu na koko, ƙyallen tata in ya yi sako-sako, dusa za ta wuce. In kuma ya toshe, ruwan ya ƙi sauka. Abin da ake nema a filta ke nan. Ta tare datti, kuma ta bar mai ya wuce. Dukkan biyun a lokaci guda.

Wane datti ne a cikin inji? Akwai ɓurɓushin ƙarfe, wanda gogayya ke kankarowa. Akwai ƙura da yashi, waɗanda ke kuɓuce wa filtar iska su ratsa ta gefen ringi su faɗa cikin mai. Akwai kuma kunkunniya, wato baƙin hayaƙin da ƙonewar gas ke bari.

Masana suna auna wannan datti da abin da suke kira maikiron. A raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Silin gashin kan mutum yana kai maikiron 70 ko kusa da haka. Filta mai kyau tana kama abin da bai kai rabin wannan ba. Me ya sa aka damu da abin da ido ba ya gani? Saboda ratar da ke tsakanin metal da karanshaf ita ma ba ta wuce kaurin gashi ba. Ƙwayar yashi in ta shiga wannan rata, karce take yi. Yau karce, gobe karce, wata rana ka ji an ce inji ya buga.

Mu nan Maiduguri filtarmu ta fi ta wasu shan wahala. In hunturu ya kama, iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta lulluɓe gari. In bazara ta zo, watan Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40. Ga yashin lunguna. Ga lodi, buhunan wake ko na kifi har sama da kan mota. Ga hanyar Monguno, ga ta Dikwa zuwa Gamborun Ngala, ga ta Damboa. Ga kuma dogon tsayuwa a shingen bincike, inji na silo, agogon kilomita bai motsa ba, amma mai na ta zagaye yana tara datti.

Bari in ɗan tsaya in gyara wata fahimta. Mutum ya yi juyen mai yau, jibi ya zaro sandar gwajin mai, ya ga ya yi baƙi ƙirin. Sai ya ce an cuce shi, filtar jabu ce. Ba lallai ba ne, malam. Kunkunniyar injin gas ta yi ƙanƙantar da takardar filta ba ta iya tare ta. Shi man ne aka haɗa da sinadaran da ke riƙe ta a warwatse, don kada ta dunƙule ta toshe hanyoyi. Don haka baƙin man injin gas, yin baƙi da wuri al'adarsa ce. Launin mai ba shi ke nuna kyan filta ba.

Kashi na biyu ke nan muka shigo. Mu yanka filta mu leƙa ciki. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan asirin yake.

Daga waje gwangwani ne kawai mai fenti. A ƙasansa akwai faranti mai babban rami a tsakiya, da ƙananan ramuka kewaye da shi. Mai na shiga ta ƙananan ramukan, ya ratsa takarda, ya fito ta babban ramin tsakiya ya tafi inji.

Abu na farko a ciki, takardar tacewa. Nannaɗe take, ninki bayan ninki, don a samu fili mai yawa a wuri kaɗan. Yawan ninkin da ingancin takardar su ne ke nuna yawan dattin da za ta ɗauka kafin ta cika. Filtar banza ninkinta kaɗan ne, gam ɗin da ya riƙe ta kuma ba ya jure zafi. In ya saki, mai ya samu kafa, ya daina bi ta takarda. Kai kuwa kana tuƙi, ba ka san komai ba.

Abu na biyu, bawul ɗin tsallake. Bawul ƙofa ce ƙarama mai buɗewa da rufewa da kanta. Wannan sifirin ne ke danne ta. In takarda ta toshe, ko kuma mai ya yi kauri saboda sanyin asubar Janairu, sai ƙofar ta buɗe, mai ya tsallake takarda ya wuce kai tsaye. Masu ƙera inji sun yi haka da gangan. A wurinsu gara mai datti ya isa metal da a ce babu mai gaba ɗaya.

To ku saurara da kyau. Kowane inji da irin ƙarfin sifirin ɗin da aka auna masa. In sifirin ya yi laushi, ƙofar kullum a buɗe take, kana yawo da filta amma man ba a tace yake ba. In ya yi tauri fiye da kima, ƙofar ba za ta buɗe a kan lokaci ba, inji ya yi ƙishin mai. Wasu injunan ma wannan bawul a jikinsu yake, ba a cikin filta ba. Ka ɗauko filtar irin wannan injin ka sa wa wanda ke buƙatar bawul a cikin filta, ka ga an bar shi ba mafita ranar da takarda ta toshe. Duk wannan ba a ganinsa daga waje. Shiga daban, dacewa daban.

Abu na uku, bawul ɗin hana komawa. Faifan roba ne, za ka hango shi ta cikin ƙananan ramukan nan. Aikinsa ya riƙe mai a cikin filta bayan an kashe mota, kada ya tsiyaye ya koma kwano cikin dare. In robar ta bushe ko ba ta zauna daidai ba, da safe filta wayam take. Ka murɗa makulli, fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba, inji na ƙara kaf-kaf-kaf na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Wannan ƙarar ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Direba, in motarka ta fara haka bayan juye, alhali da ba ta yi, fara tuhumar filta.

Sai zoben roba na bakin filta, da haƙoran murɗawa, waɗanda kanikawa ke kira tiredi. Akwai tiredin awon inci, akwai na awon milimita, kuma wasunsu sun yi kusa da juna ƙwarai. Filtar da ba ta wurin ba tana iya kamawa ta murɗu, har ka ce ta zauna. Sai an hau hanya mai gargada, mai ya yi zafi, sannan ta saki.

Wannan ƙaramin gwangwani fa ba jiya aka fara shi ba. Tun 1923 wasu mutum biyu a Amurka, Ernest Sweetland da George Greenhalgh, suka fito da filtar man mota da suka sa wa suna Purolator. Sama da shekara ɗari ke nan ana gyara ta ana auna ta. Mu kuma sai mu zaɓe ta da ido a cikin minti ɗaya.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan zaɓen filtar baƙin mai ta motar gas mai buɗaɗɗen baya. Mun ga aikinta, mun ga cikinta. Kashi na uku, mu tafi shago.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Maigida ya miƙa wa yaron mota kuɗi, ya ce, "Je ka sayo man juye da filtar Hilux." Yaro ya isa shago ya ce, "Oga, filtar Hilux." Mai shago ya ce, "Orijina ko mai bi mata?" Yaro ya ce, "Wacce ta fi sauƙi?" Aka sa masa a leda, ya dawo da canji. Maigida har ya yaba masa.

Ina kuskuren yake? Ba a ambaci inji ba ko sau ɗaya. Hilux sunan mota ne, ba sunan inji ba. Tun 1968 Toyota ke ƙera ta, kuma injuna iri-iri aka sa mata. A cikin na gas da ke yawo a titunanmu akwai 5L, mai lita 3, marar turbo. Akwai 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3. Daga 2015 aka shigo da 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8. Ga kuma masu shan fetur, irin 2TR mai lita 2.7, waɗanda su ma suna da yawa a Nijeriya, kuma a jiki ba ka bambance su. Land Cruiser ta ɗaukar kaya kuwa, da yawansu 1HZ ne a ciki, mai lita 4.2, filtarsa babba ce mai takarda hawa biyu. Wasu daga cikin injunan nan suna tarayya a filta ɗaya, wasu ba sa yi. Lamba ce ke raba gardama.

Ta yaya za ka san injinka? Akwai ɗan allo da kamfani ke liƙawa a jikin mota, ko a cikin bonet ko a ginshiƙin ƙofa. A kai za ka ga lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da lambar samfurin mota, da sunan inji. A Hilux, in samfurin ya fara da KUN, injin KD ne. In GUN ne, injin GD ne. LAN na 5L ne. TGN kuwa fetur ce. Ɗauki hoton allon nan da wayarka yau ɗin nan, ka ajiye.

Amma akwai tarko. Motoci da yawa a garin nan an taɓa sauke musu inji an ɗora na tokumbo. In haka ne, allon jikin mota labarin tsohon inji yake bayarwa. Sai ka sa bakanikenka ya duba lambar da aka buga a jikin injin kansa. Filta ta inji ce, ba ta bodi ba.

Da sunan inji sai a nemo lambar filta a littafin mota ko a kundin kamfani. Yawancin filtocin Toyota na gwangwani lambarsu da 90915 take farawa. Lambobin da ke biye su ne ke bambanta wannan da waccan, don haka a karanta har ƙarshe. Rubuta lambar a takarda, ka sa a aljihun mota. In za ka aiki yaro, da lamba za ka aike shi.

Kada kuma ka ce ai ga tsohuwar da aka cire, a kawo irinta. Wa ya tabbatar maka wanda ya sa ta daidai ya sa? In kuskure ne, ka ga an gaje shi ke nan.

Shin dole sai mai tambarin kamfanin motar? A'a. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Denso, Mann, Bosch, Donaldson, Fleetguard da Sakura, kuma kowanne yana da kundin da ke nuna wace filtarsa ce ta yi daidai da wace lamba. Ni a ganina, filtar gaskiya ta irin waɗannan kamfanoni ta fi jabu mai ɗauke da babban suna nesa ba kusa ba. Abin tsoro shi ne jabu.

Kayan gyaranmu yawanci dogon zango suke yi kafin su iso mu. Wasu daga Ƙofar Ruwa a Kano, wasu daga Ladipo a Legas, wasu daga Nnewi. Hannu da yawa suke bi, kuma mai shagon unguwa shi ma wani lokaci bai san abin da aka haɗo masa da shi ba. Don haka ka duba da kanka. Ɗaga ta a hannu, in ta yi shafal babu nauyi, yi hattara. Girgiza ta kusa da kunne, bai kamata ka ji wani abu na kwaramniya ba. Leƙa ramin tsakiya da fitilar waya, kada ka ga tsatsa ko ɓurɓushin ƙarfe. Shafa tiredin, ya zama sumul. Danna zoben roba da farce, ya lotsa ya dawo. Sunsuna ta. In ka ji warin tsohon mai ko na fetur, wankakkiya ce aka sake wa fenti. Dubi rubutun kwali da na gwangwani, ko ya dushe, ko an yi kuskuren harafi.

Sai dai in gaya muku gaskiya, masu jabu sun ƙware a kwali. Wata ko bakanike sai ya yanka ta yake ganewa. Shi ya sa shago ɗaya amintacce, wanda zai ba ka rasit, wanda kuma za ka same shi gobe, ya fi duk wata dabara. In aka ce maka orijina ce amma kuɗinta ya faɗi warwas ƙasa da na ko'ina, arha ce irin wadda ba ta ado. Wanda kuma ya gano ana sayar da jabu, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, aikinta ne karɓar irin wannan ƙorafi.

Kashi na ƙarshe, mun dawo gareji. Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba.

Tsaya a wurin, Alhaji, kada ka tafi shan shayi. In an kwance tsohuwar, a duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. Yakan maƙale a jikin inji. In aka ɗora sabuwa a kansa, zobe biyu ke nan, kuma mai zai fashe ta tsakaninsu a kan hanya. A goge mazaunin da tsumma mai tsabta, ba wanda aka tsinta cikin yashi ba. A shafa ɗan sabon mai a zoben sabuwar. A murɗa da hannu har zoben ya taɓa mazauni, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Ba a ɗaure filta da guduma da kurfi. A tayar da mota, a bar ta a silo, kada a taka totur sai fitilar mai ta mutu. Wannan ya fi muhimmanci ga mai turbo, don turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma mai ne kaɗai ke tsakaninsa da ƙonewa. A leƙa ƙasa a ga ko akwai yoyo. A kashe, a ɗan jira, a sake gwada mai.

Yaushe ake canzawa? Duk juye, sabuwar filta. Duk juye, sabuwar filta. Ba a wanke ta da fetur a mayar. Tsohuwa tana riƙe da tsohon mai da dattinsa, da ka tayar za ta juye shi cikin sabo. Ga motar da ke aiki cikin ƙura da lodi irin namu, kilomita 5,000 shi ne ma'aunin da aka fi bi, sai in littafin motarka ya faɗi wani abu daban. In ka auna da hanyar Kano, wajen zuwa da dawowa huɗu ke nan. Motar da ke yawan tsayuwa a silo kuwa, kada ta jira agogo ya cika.

Man da za a zuba shi ma ya zama na gas. Duba jikin galan, za ka ga haruffan API. In harafin C ne ya biyo baya, kamar CH-4 ko CI-4, na injin gas ne. In S ne kaɗai, na fetur ne.

Wata shawara ga kanikawa. Lokaci-lokaci ku yanka tsohuwar filta, ku ware takardar a rana, mai mota na kallo. In kuka ga tana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe mai ruwan azurfa ko na tagulla, metal ya fara ci. Gara a sauke kwano a duba tun karanshaf bai tafi ba.

Sai maganar ruwa. Ba mu manta ambaliyar 10 ga Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni irin su Fori da Gwange, har da Kasuwar Monday. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Motoci da yawa sun nutse a lokacin, kuma wasunsu sun koma kasuwa. In za ka sayi ta hannu, ko taka ce ta shiga ruwa mai zurfi da damina, zaro sandar gwaji. In man ya koma ruwan madara, ruwa ya shiga. Kada a tayar da ita. A zubar da man, a canza filta, domin takardar da ta sha ruwa kumbura take yi ta toshe. Bayan ɗan gajeren aiki a sake juye, a sake wata filtar.

Lokaci ya ƙure mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki 'yar'uwarta, filtar gas, da yadda ake tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta, musamman ga masu shan mai a jarka a bakin hanya. Kafin nan a nemo sunan inji da lambar filta, a zo da su a rubuce.

Mu kwana nan.